Gahawar Kora

Shekarar da shamuwa ta ƙi tafiya ita ce shekarar da Hazim ya janye maganar auren 'yarsa Belkisa daga hannun ɗan ƙanena Elvedin. 'Yan uwan shamuwar duk sun yi kudu tun kafin a gama tsinke tuffa, ita kuwa ta tsaya da ƙafa ɗaya a kan bututun hayaƙin tsohuwar majema, tana kallon garinmu Visoko kamar an ba ta gadi. Kowace safiya nakan fita in duba ta. Mutane suna cewa ba ni da aikin yi, kuma gaskiyarsu ce.

Hazim maƙwabcina ne. Akwai 'yar ƙofa a katangar da ta raba gidajenmu, ba a taɓa sa mata kwaɗo ba. Tuƙin jirgin ƙasa ya yi har kansa ya yi fari, kuma mutum ne da zai wuni bai ce uffan ba. Da farko ya yarda da Elvedin, domin yaron yana aiki a ofishin wani kamfanin jakunkuna, albashi yana zuwa ƙarshen wata.

Sai Elvedin ya ajiye aikin.

"Baffa, zan zama mai zaburar da mutane," ya ce da ni.

"Mai me?"

"Mai ƙarfafa gwiwa. In tsaya gaban taro in yi magana, mutum ya shigo a mace ya fita da rai."

"Liman ke nan."

"Ba liman ba."

"To ɗan siyasa."

"Haba Baffa!"

A waya ya gano sana'ar. Wasu mutane ne masu fararen haƙora suke zagaye dandamali da gudu, jama'a na kuka suna tafi. Ya sayi shuɗiyar kwat da wani ɗan abin magana da ake maƙalawa a kunne, ya riƙa zuwa tsakar gidana yana gwaji a gaban kajina. Kajin ba su ƙi ba. Ɗaya ma a makon nan ta yi ƙwai marar kwanduwa, na adana shi a rumfar da nake tara irin waɗannan abubuwa.

Da labari ya kai wa Hazim, kalma huɗu ya aiko min da ita ta bakin matarsa Zumreta: "Maganar nan ta tashi."

Ita Zumreta daɗi ta ji, domin dama tana da nata. Mirsad sunansa, ɗan ƙawarta, yana da manyan motocin ɗaukar kaya a Ostiriya. Duk zuwan da zai yi gida sai ya ajiye baƙar motarsa a bakin lungunmu, inda kowa zai ratse ya wuce ta a karkace.

Mahaifin Elvedin ya rasu tun yana ƙarami, don haka ni ne babbansa. Ya matsa min sai mun koma neman auren. Na sa hulata, muka sayi alewa da ɗanyar gahawa, muka zagaya ta babbar ƙofa kamar baƙi.

A hanya na ce masa, "Ka dai tuna, gahawa uku ake kawowa. Ta maraba, ta hira, ta kora. In ta farkon ta zo da sukari a narke tun daga kicin, an ba mu. In babu, mu yi haƙuri. In ta ukun ta zo ruwa-ruwa, ka sha ka nemi takalminka."

"Baffa, a'a ba ƙarshen magana ba ce. A'a ƙofar e ce."

"Wa ya faɗa?"

"Duk manyan suna faɗa."

"Manyan nan sun taɓa shan gahawa a gidan Hazim?"

Ya yi dariya ya gyara kwat.

Belkisa ce ta kawo tiren, idonta a ƙasa. A kantin magani take aiki, yarinya ce mai natsuwa, tun tana rarrafe take shigowa gidana ta 'yar ƙofar nan. Na kurɓi ta farko. Ɗaci. Na dubi Elvedin, na ga bai ko lura ba, ya riga ya fara.

"Baba Hazim, bari in tambaye ka. A ina kake ganin kanka nan da shekara biyar?"

Hazim ya dube shi. "A maƙabarta, in Allah ya so."

"To ka gani! Irin tunanin da ke danne garin nan ke nan."

Na taka masa ƙafa. Ya janye ƙafar ya ci gaba. Ya yi bayanin gaggafar da ta tashi cikin kaji. Ya yi bayanin wani attajiri da aka kora sau ba adadi. Aka kawo ta biyu, yana kan tsaunin da kowa zai hau. Zumreta tana tsaye a bakin ƙofa ta naɗe hannu, tana murmushin da ban so ba.

Sai ta uku ta zo, fara-fara kamar ruwan kogi bayan ruwan sama. Na shanye tawa, na dafa gwiwa na ce, "To, maƙwabci, mu za mu gusa."

"Allah ya kiyaye hanya," in ji Hazim, ko da yake hanyar taku kaɗan ce.

Elvedin bai motsa ba. Ya shanye tasa, ya miƙa wa Belkisa finjalin.

"A ƙara min. Ba zan bar ɗakin nan ba sai da e."

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Agogon bango ma kamar ya ji kunya. Belkisa ta riƙe tiren. Hazim ya tashi a hankali, ya fita zaure, ya dawo riƙe da takalman Elvedin, ya ajiye su a kan darduma a gabansa, hancinsu yana kallon ƙofa.

"Na yi tuƙi tsawon rayuwata," ya ce. "Ban taɓa ganin direban da ya yi gardama da jar wuta ya kai gida ba."

Kafin magariba duk kasuwa ta ji. Suna ya bi shi, Finjali Huɗu. In ya shiga shagon gahawa sai mai shagon ya ɗaga murya, "A ɗora babbar tukunya, ga shi nan!"

Bayan 'yan kwanaki ina rumfata da la'asar, ina goge kwalabe, na ji 'yar ƙofar ta yi ƙara. Belkisa ce. Elvedin yana ƙarƙashin tuffa yana haddace jawabin da zai yi a ɗakin taro na gari, taronsa na farko. Ba su san ina nan ba, ni kuma ban yi tari ba.

"Belkisa! Na san za ki zo. Duba, abin da ya faru ba faɗuwa ba ce, darasi ne. Duk wanda..."

"Dino, yi min shiru."

Haka take kiransa tun suna makaranta.

"Ni na dafa ta ukun," ta ce. "Da hannuna. Na cika mata ruwa don ka gane da wuri, ka tashi da mutuncinka, ni kuma in samu bakin yi wa Baba magana a hankali. Da ka tashi, da yanzu na shawo kansa. Sai ka miƙo min finjali. Ni ka miƙo wa, a gaban ubana."

"Don ina sonki ne. Naci shi ne..."

"Naci! Ka san abin da nake ci a gidan nan? Mama ba ta zama cin abinci da ni. In na shigo ta fita. Yayana Tarik ya gaji da zaman banza, Mirsad ya ce zai ba shi mota ya tuƙa. Jiya Tarik ya ce min, 'Ke kaɗai ce tsakanina da abinci.' Yayana fa. Ka san yadda wannan take a ƙirji?"

Ta fara kuka, ba mai ƙara ba, irin wanda mutum ke yi yana goge fuska da bayan hannu yana jin haushin kansa.

"Tsoro ne kawai," in ji Elvedin. "Tsoro kuwa ƙarya ce da ƙwaƙwalwa..."

"Ka ji ko? Ka ji kanka? Tun da ka fara abin nan ba ka yi min magana ba, lacca kake yi min. Na ce maka ba na barci, ka ce in tsaya gaban madubi in ce ni zakanya ce. Ni ba taro ba ce, Dino. Ni kaɗai ce. Da can in na yi shiru kakan tambaye ni me ya faru. Yanzu in na yi shiru sai ka ɗauka wurin tafi ne."

Ya tsaya yana sauraronta. Karo na farko ke nan a watannin nan.

"Ban ce ka koma ofis ba," ta ce. "Na san yadda kake dawowa daga can kamar an tatse ka. Ni ce na fara ce maka kana da baki, ranar da ka hana abokinka barin makaranta. Amma ranar ba ihu ka yi masa ba. Zama ka yi da shi a bakin kogi har ya gama faɗin nasa."

"To me zan yi?"

"Ban sani ba. Mutanen Mirsad za su zo Lahadin da ke bayan taronka. Mama ta riga ta sayi sabbin finjalai."

"Za ki sa musu sukari?"

Ta dube shi da jajayen idanu.

"Saboda wa zan ƙi shi? Mutumin da ubana ya ɗauko wa takalmi?"

Ta koma ta 'yar ƙofar. Elvedin ya daɗe a tsaye, kaji suna zagaya shi suna jiran jawabi.

Ranar taron dusar ƙanƙara ta sauka. Na duba shamuwa da safe, tana nan, ta ƙudundune kamar tsohuwar jaka. An liƙa takardu a gari da hoton Elvedin yana nuna mai kallo da yatsa, a ƙasa an rubuta: Tashi Ka Zama Zaki. Shiga kyauta ne, ɗakin taron kuma yana da ɗumi, don haka ya cika fiye da yadda na zata. Yawanci tsofaffin ma'aikatan majema ne da matansu, sai 'yan samari da suka zo ganin Finjali Huɗu. Mirsad ya zauna a layin gaba da abokansa, ya ɗora ƙafa kan ƙafa.

Can baya, kusa da ƙofa, na hango Hazim da hularsa a gwiwa.

"Maƙwabci, kai ma?"

"Gidan da sanyi," ya ce.

Aka sa kiɗa. Elvedin ya fito da gudu.

"Visoko! Kuna raye?"

Wani ya yi tari.

"Ban ji ku ba! Kowa ya tashi tsaye ya ce, ni zaki ne!"

Wata tsohuwa mai suna Hanifa, wadda ke jagorantar matan da ke dafa 'ya'yan itace da sukari su yi jam suna sayarwa, ta ce da ƙarfi, "Ɗana, gwiwar da zan tashi da ita tana wurin likita."

Aka yi dariya. Elvedin ya yi murmushin da ya koya a waya ya ci gaba. Ya kawo gaggafa da kaji. Ya kawo attajirin da aka kora. Ya ce talauci a kai yake, ba a aljihu ba. Wani tsoho da ake kira Salko, wanda ya yi rayuwarsa yana jeme fata har aka rufe majemar, ya ce, "To a faɗa wa mai karɓar kuɗin wuta." Gumi ya fara keto wa Elvedin, abin kunnensa yana zamewa yana mayarwa.

A nan ne Mirsad ya ɗaga hannu ya yi wa wani alama.

Ma'aikacin shagon gahawa na ƙetaren titi ya shigo da tire, ya ratsa tsakiyar jama'a, ya hau dandamali, ya tsaya gaban Elvedin. Finjali ɗaya ne a kai. Ko daga baya ana ganin farin gahawar da ke ciki. Ta kora ce.

"Daga masoyanka!" in ji Mirsad. "In ba ta isa ba akwai ta huɗu!"

Ɗakin ya fashe. Samari suna buga kujeru. Na rufe ido, na ce yanzu zai ce a'a ƙofar e ce, mu ƙarasa mutuwa.

Da na buɗe, na ga ya cire abin kunnen ya sa a aljihu. Ya ɗauki finjalin. Ya jira har dariyar ta lafa, sannan ya yi magana da muryarsa ta gida, wadda sai an kasa kunne ake ji.

"An taɓa ba ni irin wannan a gidan wani mutumin kirki. An ba ni ne don a rufa min asiri, ban tashi ba. Na zaci jarumta ce. Na kunyata wadda ta dafa." Ya dubi finjalin. "Baba Salko, ka yi gaskiya. Ban san komai a kan wutarka ba, ban kuma tambaya ba. Ku yafe min ɗaukar lokacinku."

Ya shanye, ya ajiye, ya ce wa ma'aikacin ya gode. Ya sauka daga dandamali ya bi tsakiyar kujeru zuwa ƙofa. Ba wanda ya yi tafi, ba kuma wanda ya ƙara dariya.

A bakin ƙofa Salko ya kama hannun kwat ɗinsa.

"Tsaya mana. Ka ce ba ka tambaya ba. To tambaya."

Elvedin ya tsaya. "Yaya aka yi, Baba?"

Salko ya fara. Ya faɗi ranar da suka zo aiki suka tarar da sarƙa a ƙofa, da yadda har yau yake farkawa da asuba ya sa takalmin aiki kafin ya tuna. Wani ya karɓe da nasa. Wata ta ce 'ya'yanta duk suna Jamus, ta iya dafa abincin mutum goma amma ba ta iya na mutum ɗaya ba. Aka jawo kujeru aka kewaye shi a nan kusa da ƙofa, inda iska ke shigowa. Elvedin ya zauna a kan matakala. Ba ya cewa komai sai "Sannan fa?" da "Wa ya koya miki?" Sau ɗaya ya ce wa Salko, "Hannun da ya san fata haka, samarin nan ba su da mai nuna musu." Salko ya ce, "Rabu da ni," amma ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

Da za a watse Hanifa ta ce, "Ranar Laraba muna haɗuwa da matan jam. Rabinsu sun karaya, suna so su bari. Ka zo. Amma ka bar zakin a gida."

Taronsa na biyu ke nan, kuma na farko da aka gayyace shi.

Na nemi Hazim, na same shi a waje yana sa hula, yana kallon Mirsad da ke share dusar ƙanƙara daga gilashin motarsa yana dariya da abokai.

"Gahawar kora ta cikin ɗaki ce," in ji Hazim. "Ba a kai ta kasuwa."

Bai ƙara ba, muka taho gida.

Amma magana ta riga ta yi nisa, Lahadi kuwa ba ta fasa zuwa ba. A matsayina na maƙwabci mafi tsufa aka kira ni in zauna. Mirsad ya zo bayan azahar da kawunsa, wani mai ƙiba da zobe a yatsa, da kwalayen alewa da sai da aka yi sawu biyu. Zumreta ta sa rigar da ta je bikin ƙanwarta da ita. Tarik ya yi aski. Tun safe nake jin ƙarar turmin gahawa ta katanga, Zumreta da kanta ta daka.

"Belkisa, 'yar nan, kawo wa baƙi," ta ce, muryarta kamar zuma. "Kin san inda sukari yake."

Aka ɗan yi hirar sanyi da tsadar mai. Kawun ya ce a Ostiriya ko kare yana da likitansa. Na so in tambaye shi ko shamuwa tana kwana a can da sanyi, sai ƙofa ta buɗe.

Belkisa ta shigo da sabbin finjalai. Ta durƙusa ta zuba wa kawun, ta zuba wa Mirsad, ta zuba wa ubanta, ta zuba min.

Na dubi finjalina. Ruwa-ruwa ce, har ina ganin zanen furen da ke ƙasansa.

Kawun ya kai baki ya tsaya. Mirsad ya leƙa nasa, kunnuwansa suka yi ja. Zumreta ta taso da sauri.

"Wayyo, kuskure ne! Yarinya ce, ta ruɗe, ta ɗauko tukunyar jiya. Ku ajiye, yanzu zan sake. Belkisa, tashi, marar hankali!"

"Ba kuskure ba ne, Mama."

"Rufe min baki! Hazim, ka yi magana mana! 'Yarka za ta kashe ni a gaban mutane. Ka dubi Tarik, ka dubi ɗanka!"

Belkisa tana durƙushe, hawaye na zuba a kan tiren, amma ba ta sunkuyar da kai ba.

"Baba, ban taɓa saɓa maka ba. Ka ce in bar Dino, na bar zuwa inda yake. In ka ce in koma in sa sukari, zan sa, in bi su, ba za ka ji bakina ba har abada. Amma ka tambaye ni sau ɗaya. Wannan ita ce amsata."

Kowa ya dubi Hazim. Shi kuwa finjalinsa yake kallo, kamar yadda na san yana kallon layin dogo. Ya ɗauka. Ya kurɓa a hankali, ya sake kurɓa, har ya shanye. Ya ajiye.

"Gahawar gidana ce," ya ce.

Kawun mutum ne da ya san ya kamata. Ya shanye tasa ya dafa gwiwa. Mirsad kuwa ya miƙe tsaye.

"Wane irin wulaƙanci ne wannan? Ko ta maraba ba a ba mu ba! Kun san ko ni wane ne? Saboda wancan mai surutun?"

"Ka aika wa mai surutun da irinta a gaban gari," in ji Hazim. "Ya sha ya tashi. Kai a cikin ɗaki aka ba ka, ba wanda ya gani sai mu. Ko in ɗauko maka takalmin?"

Kawun ya ja shi suka fita. Tarik ya bi bayansu yana ba da haƙuri, ya dawo ya wuce ƙanwarsa bai dube ta ba. Zumreta ta shige ɗaki, muka ji tana buɗe akwati tana rufewa. Na shanye tawa, domin ni ma ta shafe ni, na koma gida.

Washegari da hantsi ina ba kaji hatsi, Hazim ya leƙo ta 'yar ƙofar. Bai shigo ba.

"Ta tafi gidan ƙanwarta a garin Zenica," ya ce. "Ta ce ba za ta dawo ba sai na dawo cikin hankalina. Ta kulle kabad ɗin kicin ta tafi da makulli."

"Allah ya huci zuciyarta."

"Amin." Sannan ya ce, "Yaron nan. An ce zai je wurin matan jam."

"Ranar Laraba."

"Suna biya?"

"Da jam, ina ji."

Ya ja numfashi ta hanci. "Ka ce masa ya zo ranar Juma'a bayan masallaci. Ban ce na ba shi ba. Ina da tambayoyi, kuma ni zan yi maganar."

"Zai yi shiru."

"Za mu gani."

Ya ja ƙofar. Na tsaya ina tunanin Zumreta, wadda ban taɓa ganin ta fara yaƙi ta bari a tsakiya ba, da baƙar motar da har yanzu take bakin lungu ba ta koma Ostiriya ba. Na ɗaga kai wajen majema. Shamuwa ta sauke ɗaya ƙafar, tana taka bakin bututun tana gyara tsinken sheƙarta.

Ranar Juma'a da sassafe 'yar ƙofar ta sake yin ƙara. Belkisa ce, ta yafa gyale, tana waiwayen gidansu.

"Baffa Ragib," ta ce ƙasa-ƙasa, "kana da sukari? Namu yana cikin kabad."

Likita ya hana ni sukari tun tuni, babu ko ƙwaya a kicin ɗina. Na ce ta jira. Na shiga rumfa, na wuce ƙwan marar kwanduwa da dutsen da ke kama da kunne, na sauko da wata 'yar kwalba daga can sama. A ciki akwai ƙwayar sukari guda, a naɗe cikin takardarta mai hoton jirgi, wadda aka ba ni a taragon cin abinci tun ƙasarmu tana ɗaya, kafin a rarraba ta. Hazim ne ya tuƙa jirgin ranar.

"Ta tsufa," na ce. "Kuma ubanki bai ce ya ba shi ba."

"Na sani," ta ce. "Finjali ɗaya kawai za ta yi."

Ta miƙo hannu. Na buɗe kwalbar.